Tarbiyyar Gida da Darasin Ƙasa: Ina Malami Zai Tsaya?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina gaishe ku mutanen Ɗanja da Dabai, da Tandama da Kahutu. Ina gaishe da na Bakori da Funtuwa, da na Ƙafur da Malumfashi. Wanda ke fadama yana ban ruwa, sannu da aiki. Uwar gida da ke gefen murhu, sannu da hidima. Malaman makaranta kuwa, yau shirin naku ne, sai ku matso kusa da rediyo.

Bari mu fara da abin da kowa ya saba gani. Ƙarfe takwas saura na safe ne, a filin wata makarantar firamare a nan Ɗanja. Yara sun yi layi. An ɗaga tuta. An rera taken ƙasa, an karanta alƙawarin biyayya ga Nijeriya, duk da Turanci. Muryoyi sun tashi, babu wanda ya yi tuntuɓe. To, da za ka ja yaro ɗaya gefe, ɗan aji uku, ka ce, "Yaro, wane alƙawari ka ɗauka yanzu?" Sau da yawa sai ya sunkuyar da kai. Ya haddace, amma ma'anar ba ta shige shi ba.

Yaron nan kuwa ya san amana. In mahaifiyarsa ta aike shi kasuwa, zai dawo da canji daidai. Ya san gaskiya. Ya san girmama na gaba. Abin da ya faɗa da Turanci a filin makaranta, ya daɗe da saninsa da Hausa a tsakar gida. Saura a samu wanda zai haɗa masa su biyun. Mai haɗawar nan shi ne malami.

Maganarmu ta yau ke nan: al'ada da zama ɗan ƙasa a cikin aji, da yadda malamai ke kallonsu. Mun kasa shirin kashi huɗu. Da fari za mu fassara kalmomin, mu waiwayi tarihinmu na Katsina. Daga nan mu leƙa wasu ƙasashe, mu ji yadda malamansu ke yi. Sai mu dawo gida Ɗanja. A ƙarshe mu faɗi abin da kowannenmu zai iya yi. Ku biyo mu.

KASHI NA FARKO

Jama'a, in an ce al'ada, ana nufin yadda muka tarar ana rayuwa a gidajenmu: harshenmu, gaisuwarmu, tufarmu, bikinmu, da abin da muke ɗauka abin kunya ko abin yabo. In an ce zama ɗan ƙasa kuwa, ana nufin abu biyu. Akwai haƙƙin da kake da shi a kan ƙasa. Akwai nauyin da ƙasa take da shi a kanka. Haƙƙi da nauyi. Ku riƙe kalmomin nan biyu, za mu yi ta dawowa gare su.

Wannan muhawara tsohuwa ce a ƙasar Katsina. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Ginin yana nan har gobe, an mayar da shi gidan tarihi. Abin da Turawan mulki suka so shi ne a samu malaman da za su koyar da boko ba tare da sun rabu da addininsu da ladabin gidajensu ba. Sun kuma so malaman su zama masu biyayya ga hukuma. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu, ya tafi ya koyar a Midil ta Sakkwato. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, ya koyar a Bauci. A nan Abubakar Imam ya yi karatu, ya koyar a Midil ta Katsina. Ku lura, dukansu da alli suka fara.

Bayan an mayar da kwalejin Kaduna, sai ta yaye Malam Aminu Kano. Shi ma ya koyar a Bauci, ya koyar a Maru, ya kuma jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shi a ganinsa, aikin malami bai tsaya ga koyar da ladabi ba. Sai ɗan talaka ya san haƙƙinsa, ya iya buɗe baki ya tambaya.

Kun ga ra'ayi biyu ke nan tun a gidanmu. Malami mai tsare gado, da malami mai koyar da tambaya. Za mu ga cewa malaman duniya ma a tsakanin waɗannan biyun suke kai da kawowa.

(Ɗan kiɗa)

KASHI NA BIYU

Masu sauraro, yanzu sai mu ɗaura ɗamarar tafiya. Ƙasashe uku za mu leƙa.

Ta farko ita ce Faransa. Tun 1882 doka ta wajabta karatun firamare a can, ta kuma fitar da darasin addini daga makarantun gwamnati. A 2004 aka ƙara wata doka da ta hana ɗalibai sa alamar addini bayyananniya a makarantun gwamnati, har da hijabi. An horar da malamin Faransa a kan cewa yaro ya ajiye bambancinsa a bakin ƙofa, ya shigo aji a matsayin ɗan jamhuriya kawai. A ganinsu, ta haka ake samun daidaito. Amma iyaye da yawa, musamman Musulmi, suna ganin an tilasta wa 'ya'yansu zaɓi tsakanin gida da makaranta.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gaji tsarin makarantar Faransa. Shekara da shekaru yaron Maraɗi yana shiga aji ɗaya a tarbe shi da Faransanci tun ranar farko. Sai a 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a wata firamare a Damagaram. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ƙasa ta biyu ita ce Japan. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo za su tuna gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018, da ta Ƙatar a 2022. An tashi wasa, kowa ya watse, amma 'yan kallon Japan suka tsaya suna tsince shara a filin da ba na ƙasarsu ba. A ina suka koyo? A makaranta. A mafi yawan makarantun Japan, yara ne ke share aji kullum, su goge daɓe, su raba wa juna abincin rana. Malami kuma yana tare da su, da tsintsiya a hannu. Malamin Japan ya ɗauki al'adar ƙasarsa ta tsafta da aikin haɗin kai, ya mayar da ita darasin zama ɗan ƙasa. Darasin kuma a aikace yake.

Ƙasa ta uku tamu ce ta Afirka, wato Tanzaniya. Shugabanta na farko, Julius Nyerere, malamin makaranta ne. Har ya mutu mutanensa Mwalimu suke kiransa, kalmar da tushenta ɗaya da tamu ta malam. Ƙasarsa tana da ƙabilu fiye da 120. A 1967 ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai. Aka ce a koyar da firamare da harshen Suwahili, kowace makaranta kuma ta zama tana da gona ko wani aikin hannu. Tsarin ya gamu da matsaloli, musamman ta fuskar kuɗi da kayan aiki. Amma a yau ana misali da Tanzaniya wajen ƙarancin rikicin ƙabilanci, kuma masana da yawa suna danganta hakan da harshe ɗaya da makaranta ɗaya da suka haɗa yaran ƙasar.

To, su malaman da kansu me suka ce? A 2009 wata ƙungiyar binciken ilimi ta duniya mai suna IEA ta gudanar da bincike a ƙasashe 38. Ta tambayi malamai fiye da 60,000. Nijeriya ba ta ciki, amma amsar ta shafe mu. An ce kowane malami ya zaɓi manufofin da ya fi ba muhimmanci a darasin zama ɗan ƙasa. Abu biyu suka fi samun rinjaye. Na ɗaya, yaro ya san haƙƙinsa da nauyin da ke kansa. Na biyu, yaro ya iya tunani da kansa, ya auna magana kafin ya karɓe ta. Kaɗan ne ƙwarai suka zaɓi shirya yaro don shiga siyasa.

Ku sake ji. Haƙƙi da nauyi, sannan tunani da kai. Malamai daga nahiyoyi daban-daban, da harsuna daban-daban, mafi yawansu a nan suka haɗu. Inda ƙasashen da muka leƙa suka rabu shi ne matsayin al'ada. Faransa ta ce a bar ta a waje. Japan da Tanzaniya suka ce a shigo da ita, a yi gini a kanta.

(Ɗan kiɗa)

KASHI NA UKU

Jama'a, tafiya ta yi tafiya, mu dawo gida Ɗanja. Mu a wane ɓangare muke?

A rubuce, Nijeriya ta taɓa zaɓar hanyar haɗawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen yankin da yake zaune. Kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun fara wani gwaji. An koyar da yara shekara shida da Yarabanci, Turanci kuma ya zama darasi guda. Da aka gwada su da waɗanda aka koyar da Turanci, sai ga shi sun yi fice a darussa da dama, Turancin ma ba a bar su a baya ba. Duk da haka, da yawanmu mun yi makarantar da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji. Yaron da aka ci tararsa don ya yi harshen uwarsa, me aka koya masa game da uwar tasa?

Yau akwai darasi na musamman a manhaja, wato jerin abin da aka tsara a koyar. Yara suna kiransa Sibik, ma'anarsa ilimin zama ɗan ƙasa. Ana koyar da shi, ana jarrabawa a kansa. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 23, ya lissafa ɗabi'u bakwai na ƙasa: ladabi da bin ƙa'ida, riƙon gaskiya, mutunta aiki, adalci a tsakanin jama'a, haƙuri da mai wani addini, dogaro da kai, da kishin ƙasa. Iyaye, a cikin bakwai ɗin nan wanne ne baƙo a gidan Bahaushe? Wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya yi nazari a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, aka buga a 1974. Abin da ya tarar ya haɗa da gaskiya da amana, da haƙuri da kunya, da mutunci da adalci. Ku jera su kusa da na kundin tsarin mulki. Za ku ga dangin juna ne.

Saboda haka malamin Ɗanja ba ya buƙatar aron misali daga nesa. Zai koyar da haraji da aikin gwamnati? Ga gayya. Kowa ya kawo garmarsa, a nome gonar wane yau, gobe a koma ta wane. Haraji ma haka ya kamata ya zama: kowa ya kawo, kowa ya amfana, kowa kuma yana da ikon tambayar inda aka kai. Zai koyar da doka? Ga burtali. An ware hanyar shanu don kada makiyayi ya shiga gona, kada manomi kuma ya toshe hanya. Kowa da haƙƙinsa, kowa da nauyinsa.

Zai koyar da haɗin kan ƙasa? Ga kwandon tumatir. Ana ɗora shi a mota a Ɗanja, ya ratsa jihohi, ya sauka a kasuwar Mil 12 a Legas. Wanda zai saya ba ya jin Hausa. Wanda ya noma ba ya jin Yarabanci. Amana ce ta haɗa su, da zaman lafiya a hanya. Manoma ba su manta da watan Fabrairun 2021 ba. Bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, 'yan kasuwar kayan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi kwantai a Arewa, farashi ya faɗi. A Legas kuma ya yi tashin gwauron zabo. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa. Yaron da aka ba wannan labari ya fahimci abin da ake nufi da ƙasa ɗaya, fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Amma jama'a, gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Al'ada kamar hatsi ce, sai an sheƙe. Akwai kunyar da ke hana yaro sata, wannan mu riƙe ta da hannu biyu. Akwai kuma kunyar da ke hana yaro ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane ba." Wannan tana cutar da shi. Yaron da ya tashi yana jin tambaya rashin kunya ce, gobe ba zai tambayi kansilansa ina kuɗin rijiyar burtsatse ba. Mu kuwa mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata. Ana iya tambaya cikin ladabi. Ana iya durƙusawa a gaida babba, sannan a faɗa masa gaskiya.

Haka kuma akwai mai cire yarinya daga aji ya ɗora mata tiren talla, ya ce al'ada ce. Mu tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Karatun mace gadonmu ne tun kafin zuwan Bature.

Sannan mu dubi waɗanda ke zaune a kan benci ɗaya. A wannan yanki namu akwai ɗan Bahaushe, akwai ɗan Bafulatani daga ruga. Akwai Hausawa Kiristoci, musamman a ƙasar Ƙafur da Malumfashi. Akwai ɗan Ibo da aka haifa a Funtuwa, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa. A Bakori akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, mai karɓar ɗalibai daga jihohi daban-daban. Akwai masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, waɗanda ake turo mana daga Kudu su koyar. In malami ya ce al'adarmu, to ya buɗe zuciyarsa ta ɗauki duk waɗannan yara. Ranar da ya bari aka yi wa ɗan ruga dariya saboda Hausarsa, ranar ya rushe darasin Sibik na zango guda.

(Ɗan kiɗa)

KASHI NA HUƊU

Masu sauraro, mun zo kashi na ƙarshe. Me za mu yi?

Malam, da kai zan fara. Gobe bayan an sauka daga filin taro, ɗauki minti biyar. Fassara wa yara alƙawarin da suka ɗauka, da Hausa, jimla bayan jimla. Ka tambaye su misali daga gidajensu.

In za a naɗa monita, kada ka nuna da yatsa. Bari masu so su tsaya su faɗi abin da za su yi. A yanka takarda, kowa ya jefa ƙuri'a, a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu. Yaron da ya ga an ƙirga ƙuri'arsa a aji huɗu zai san darajarta in ya kai shekara 18.

Ka ware rana ɗaya ta gayya a wata. A share makaranta, a dasa itace, kai ma ka riƙe tsintsiya. In akwai fili, a yi 'yar gona, yara su rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. Ka gayyato dattijo ya ba da tarihin gari. Ka gayyato mai unguwa ko arɗo ya bayyana yadda ake sasanta manomi da makiyayi. Jam'iyyarka kuwa, bar ta a gida. Aji na 'ya'yan kowa ne.

Abu mafi nauyi, Malam, shi ne halinka. Gani ya kori ji. In ka koyar da gaskiya da safe, ka ba da satar amsa ranar jarrabawa, na biyun yaro zai ɗauka. In ka zo a kan lokaci, ka yi adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ka riga ka koyar da rabin darasin kafin ka ɗauki alli.

Iyaye, ku ma da naku. Baba, in yaro ya dawo, tambaye shi me aka koya masa yau. In ya yi maka tambaya, kada ka kore shi da tsawa. Inna, ranar kasuwa da lokacin tsinkar tumatir, a bar yara su je aji tukuna, aikin ya biyo baya. In an kira taron iyaye da malamai, ku je. Zuwan nan naku shi ma aikin ɗan ƙasa ne, kuma yaranku suna kallo.

Shugabanni, daga ƙaramar hukuma har jiha, ga naku saƙon. Malamin da cikinsa ke kuka ba zai iya koyar da kishin ƙasa da zuciya ɗaya ba. Yaron da ke zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo, da wuya ya yarda cewa ƙasa ta damu da shi. A biya malami haƙƙinsa a kan kari. A gyara aji. A horar da malamai yadda za su koyar da harshen da yaro ke ji, su kuma ba shi Turanci mai kyau, don ya iya zama da kowa a ko'ina cikin Nijeriya. Mun ce haƙƙi da nauyi. Ƙasa ma akwai nauyi a kanta.

Jama'a, mu tattara abin da muka ji. Mun ga Faransa ta bar al'ada a bakin ƙofa. Mun ga Japan da Tanzaniya sun shigo da ita aji. Mun ji malaman ƙasashe 38 sun fi ƙarfafa abu biyu: yaro ya san haƙƙinsa da nauyinsa, ya kuma iya tunani da kansa. Mu a Ɗanja, hanyar da ta dace da mu ita ce a fara daga abin da yaro ya sani a gida, a sheƙe shi, a ɗora darasin ƙasa a kai. Malami ya tsare gado, ya kuma koyar da tambaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suka yi layi a filin makaranta yau da safe, su ne kansiloli da alƙalai da malaman gobe. Malam, Malama, amanar tana hannunku. Iyaye, ku tsaya musu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a nomanmu.

 

(Kiɗan rufe shiri)